Guzurin Ɗan Makaranta a Madina: Darasi a Kan Abin da Ake Sa wa Yaro a Jaka

 

Wannan darasi na iyayen da ke da yara 'yan makaranta ne a birnin Madina, ko ɗaliban Jami'ar Musulunci ne da suka taho da iyalansu, ko ma'aikata, ko kuwa zuriyar mahajjatan da suka zauna tun zamanin kakanni. A Kano da Katsina da Maraɗi muna cewa "kuɗin tara", wato 'yan canjin da ake ba yaro ya sayi ƙosai ko awara a bakin makaranta idan an fito hutun ƙarfe tara. A nan sunan hutun "fusha", har sunan ya koma kan abincin da ake ci a cikinsa, uwa ta ce wa ɗanta kada ya manta da fusharsa. Kantin da ke cikin makaranta kuma shi ne "maƙsaf". Sunaye sun canza, amma bukatar tana nan yadda take: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma yaron da yunwa ke ƙwaƙularsa ba ya riƙe hadda, ba ya gane lissafi.

Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne wannan: abincin da ake sa wa yaro a jaka ba abincin gida ba ne da aka juye a roba. Guzuri ne, kuma guzuri yana da nasa hukunci. Dole ya jure sa'o'i cikin zafi bai lalace ba, a iya cinye shi cikin ɗan lokaci, sannan yaro ya iya buɗe shi a gaban abokansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Duk abincin da ya gaza a ɗaya daga cikin waɗannan, komai amfaninsa a jiki, a jaka zai dawo ko a kwandon shara zai ƙare.

Zafi, da abin da kakanni suka sani a kansa

Makarantu a Saudiyya suna aiki ne daga Lahadi zuwa Alhamis, tun da aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar a shekarar 2013. Yaro yakan bar gida wajen ƙarfe shida ko shida da rabi na safe, hutu kuma ba ya zuwa sai wajen tara. Ke nan abincin da aka zuba bayan sallar Asuba zai shafe kimanin awa uku a rufe. Shekarar karatu tana buɗewa ne a ƙarshen Agusta, lokacin da zafin Madina da rana yake haura digiri 40, kuma haka zai ci gaba har cikin Satumba, ya sake dawowa a Mayu da Yuni. Gaskiya ne azuzuwa suna da na'urar sanyaya ɗaki, amma jakar takan fara zama a mota, ta tsaya a filin taron safe, wani lokaci a ajiye ta jikin taga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a firji ba. Hukumomin abinci a Amurka sun rage wannan zuwa awa ɗaya idan zafin wuri ya wuce digiri 32. Wanda ya auna wannan da awa ukun da muka ambata zai ga inda gizo ke saƙar. Kuma ba kullum hanci ke gane abincin da ya ɓaci ba. Shinkafa ita ce babban misali: akwai wata ƙwayar cuta a cikinta da dahuwa ba ta kashe irinta, idan shinkafar ta daɗe da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta zuba guba, gubar kuma ɗumame ba ya kawar da ita. Shinkafar tana nan fara tas, ba tsami ba wari, amma yaro ya dawo gida yana amai.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. Kafin jiragen sama su fara jigilar alhazai, mutanenmu da ƙafa da jakuna da raƙuma suke tahowa, daga ƙasar Hausa su ratsa Borno da Wadai da Darfur, su kai gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, su tsallako zuwa Jidda. Tafiyar takan ɗauki shekaru, kuma ta ƙaru ƙwarai bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da jama'a masu yawa suka yi hijira zuwa gabas. Zuriyarsu ce ake kira Hausawi da Fallata da Barnawi a Makka da Madina da Jidda a yau. Waɗannan bayin Allah ba su da firji, ba su da ƙanƙara. Abin da suka dogara da shi shi ne busasshen abinci: garin gero, ƙuli-ƙuli, kilishi, dambun nama, dakuwa, dabino. Sun san cewa danshi ne abokin lalacewa. Abin da ba shi da ruwa a jikinsa yakan daɗe, abin da ke da tsami yakan ɗan jure, abin da ke da romo ko madara ko ƙwai a fashe kuwa shi ne mai saurin juyawa.

Daga nan uwa za ta fitar da ƙa'idarta. Duk abin da za a sa a jaka, ko dai ya kasance busasshe, ko ya kasance da sanyi sosai, ko da zafi sosai. Tsaka-tsakin nan, wato ɗumi-ɗumi, shi ne abin gudu.

Sanyi ba shi da tsada. A cika 'yar gorar ruwa ta roba, a bar ɗan fili a samanta domin ruwa yana kumbura idan ya daskare, a sa ta a gidan ƙanƙara tun dare. Da safe a kwantar da ita jikin kwanon abincin a cikin jaka mai rufi mai kauri. Kafin hutu ta yi aiki biyu: ta tsare abincin, kuma ta narke ta zama ruwan sha mai sanyi. Haka ake yi da ƙaramar robar laban, sai dai a girgiza ta kafin a sha. Zafi kuwa sai da 'yar kula mai kyau. A zuba mata tafasasshen ruwa, a rufe na minti biyar, a zubar, sannan a zuba abincin yana tururi a rufe nan take. Wadda ta zuba abinci mai ɗumi a kula mai sanyi ta yi wa ƙwayoyin cuta shimfiɗa ne kawai.

Me ake haɗawa?

Ba a bukatar ilimin likita. Abu huɗu ne: abin da ke ba da ƙarfi, wato hatsi ko dankali, abin da ke gina jiki, wato wake ko ƙwai ko nama ko nono, ɗan itace ko ɗanyen kayan lambu, sai ruwa. Mafi yawan jakunkunan yara na farkon ne kaɗai a cikinsu, shi ma a mafi rauninsa: farin burodin samuli, ko kek na leda, ko biskit. Irin wannan yana narkewa da sauri, yaro ya ji ƙarfi na ɗan lokaci, kafin darasi na biyar ya fara hamma. Abin da ke riƙe ciki shi ne hatsi da dusarsa, haɗe da mai gina jiki. A gidajen burodi a nemi wanda ake kira "bur", wato na alkamar da ba a cire mata dusa ba.

A nan abincinmu na gado ya fi ƙarfin a raina shi. Wakenmu, wanda ake sayarwa a kasuwannin nan da sunan lubiya, yana cikin mafi arhar abin da ke gina jiki, kuma idan ya haɗu da hatsi kowannensu yana cike giɓin ɗan'uwansa. A ganina alale ita ce sarauniyar jakar makaranta. Ba ta zuba, ba ta bukatar miya, ana cin ta da cokali ko da hannu, tana da daɗi ko ta huce. Ranar Asabar a surfa wake gwangwani biyu, a markaɗa da albasa da tattasai da ɗan attarugu kaɗan, a sa mai da gishiri daidai, a zuba a ƙananan kofuna, a jefa yankin dafaffen ƙwai a kowanne, a turara. Idan ta huce a bar ta kwana biyu a firji, sauran a daskarar. Da dare a sauko da ta gobe. Aikin yini ɗaya ya ɗauke wa uwa safiya uku ko huɗu. Sai dai alale tana da danshi, don haka ba ta tafiya sai da gorar ƙanƙara a gefenta.

Ƙosai ma yana yi, in an soya shi da safiyar, an tsane masa mai a takarda, an bar shi ya sha iska kafin a rufe, domin in an rufe shi da tururi yakan yi laushi yara su ƙi shi. Ƙullin yana kwana ɗaya a firji. Masa, ta shinkafa ko ta gero, tana jure hanya fiye da yadda ake zato saboda ɗan tsamin ƙullinta. Uku ko huɗu da dafaffen ƙwai sun ishi ɗan firamare. Geron kuma yana samuwa, sunansa dukhun a wajen masu sayar da hatsi, ana noma shi a kudancin ƙasar wajen Jazan. Dambun nama shi ne guzuri na asali: in an soya shi ya bushe ƙarau, cokali biyu a cikin rabin tamis ko burodin bur, da yankan kokwamba, ya zama abincin da ba ya tsoron zafi sosai. Gara a yi shi a gida da a jira tsarabar alhazai, wadda ba a san kwanan da ta yi a hanya ba.

Akwai kuma waɗanda nake ganin a bar su a gida. Ɗanwake idan ya huce yakan ƙandare, mai ya kwanta a ƙasan roba. Tuwo da miya ba na minti ashirin ba ne. Fura da nono, duk da darajarta, takan ƙara tsami ta kumbura a zafi, sai dai in a filas mai riƙe sanyi aka sa ta. Shinkafa da wake ba laifi in an dafa da safe an sa a kula yadda aka bayyana. In ta jiya ce, sai wadda aka sanyaya da wuri aka sa a firji, a ɗumama ta sau ɗaya tak har ta yi tururi. Duk abin da aka kwaɓa da mayonis, da kifin gwangwani da aka buɗe, da yankakkiyar kankana, kada su shiga jaka ba ƙanƙara.

Abincin garin ma yana da nasa alheri, kuma kuskure ne a juya masa baya. Labna, wato nonon da aka tsane ya yi kauri, da za'atar da ɗigon man zaitun a cikin burodi, abu ne da ake haɗawa cikin minti biyu. Balila, dafaffen waken hummus da ake yayyafa wa kammun da ruwan lemon tsami, tsohon abin marmari ne a Hijaz, kuma yara ba sa ƙin sa. A jiƙa shi tun dare, a dafa da yawa, a raba. Dafaffen ƙwai a bar shi cikin ɓawonsa har lokacin ci, domin ɓawon kariya ne. A firji yana kai mako guda. Kokwamba da karas da ƙananan tumatir ba sa yankewa a kasuwa duk shekara. Da hunturu lemon yusufi yakan yi araha, kuma ya zo da rigarsa, yaro yana ɓare shi da kansa. Ayaba da tuffa haka suke. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2023, ta ce yaro ɗan shekara 6 zuwa 9 ya samu aƙalla giram 350 na 'ya'yan itace da kayan lambu a yini, ɗan shekara 10 zuwa sama kuma giram 400. Lemo ɗaya da kokwamba ɗaya a jaka sun ɗauke kusan rabin wannan.

Dabino

Wanda ke zaune a Madina ba ya bukatar a tallata masa dabino. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin yadda gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi watanni ba a hura wutar girki ba, dabino da ruwa ne abinci, sai madarar da maƙwabta daga cikin Ansar suke aikowa. Abdullahi ɗan Ja'afar kuma ya ruwaito cewa ya ga Manzon Allah yana haɗa ɗanyen dabino da wani nau'in gurji. Dabino da madara, dabino da gurji: wanda ya lura zai ga cewa a duka biyun zaƙin bai tafi shi kaɗai ba.

Wannan shi ne ma'aunin da ya dace da jakar yaro. Dabino kusan kashi biyu cikin ukun nauyinsa sukari ne, amma yana tafe da harza da ma'adinai irin su fotasiyam, abin da alewa ba ta da shi. Uku sun isa, tare da laban ko kokwamba. Yana maƙalewa a haƙori, don haka a koya wa yaro ya kurkure baki da ruwa bayansa. Ga ƙananan yara a cire ƙwallon tun a gida. Falalar ajwa ta tabbata a hadisi, amma ajwa tana da tsada, kuma ba wajibi ba ne ta zama ita ce ta kullum. Safawi ma ɗan Madina ne, baƙi mai laushi, ya fi sauƙin kuɗi, kuma sayen kilo a babbar kasuwar dabino ya fi sayen 'yan kwalaye a shagunan da ke kewaye da Harami, inda farashin baƙi ne.

Sukarin da ke cikin kwali

Babban abokin gabar wannan darasi ba yunwa ba ce, abin sha ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga yaron da ke bukatar kalori 1,600, kashi goman nan giram 40 ne, wato kimanin ƙaramin cokali 10. Gwangwanin lemo mai gas na mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35. Gwangwani ɗaya ya kusa cinye rabon yini. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne cewa hukumar ta sa ruwan 'ya'yan itace da zuma a cikin wannan lissafi, ko da ba a ƙara musu komai ba. Ɗan kwalin "asir" da ake jefawa a jaka da kyakkyawar niyya ba shi ne lemo ba. Lemon shi ne wanda ake ɓarewa a tauna.

Gwamnatin Saudiyya ta ga girman matsalar ƙiba da ciwon sukari a ƙasar. A 2017 ta sa harajin kashi 50 a kan lemo mai gas da kashi 100 a kan abin sha mai ƙara kuzari, a Disambar 2019 kuma ta faɗaɗa harajin zuwa sauran abubuwan sha masu zaƙi. Ma'aikatar Ilimi tana da ƙa'idojin da suka hana sayar da irin waɗannan, da alewa da soyayyen dankalin leda, a maƙsaf. Amma ƙa'idar ba ta kai baƙalar da ke ƙofar makaranta ba, kuma yaron da ke da riyal biyar a aljihu ya san hanya. Riyal biyar ɗin ma abin lissafi ne: a mako 25 ne, a wata 100, ga mai yara huɗu 400. Ɗalibin da ke riƙe iyali da alawus ya san nauyin wannan. Da ƙasa da haka ana sayen waken wata da ƙwai da lemo. Ban ce a hana yaro kuɗi ƙwata-ƙwata ba. Wanda ba a taɓa bari ya tsaya a layin maƙsaf da abokansa ba yakan ji an ware shi. Rana ɗaya a mako, Alhamis misali, ta wadatar.

Ruwa shi ne abin sha. In ana son canji, zoɓo yana nan da sunan karkade a wajen masu kayan ƙamshi. A dafa shi da citta da na'ana'ar Madina, a rage sukari sannu a hankali har harshen yaro ya saba. Da sanyin Disamba da Janairu, lokacin da safiyar Madina ke da ɗari, kunun gero mai zafi a filas ya fi komai. Shayi kuwa a raba shi da lokacin abinci, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin wake da hatsi, alhali lemo da tumatir suna taimaka masa.

Abubuwa uku da ba a wasa da su

Na farko gyaɗa. Mu a wajenmu tana cikin komai: ƙuli-ƙuli, yajin tsire, kilishi, dakuwa, kunu. Amma akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarta, ɗan kaɗan ya isa ya kumbura musu maƙogwaro ya toshe numfashi. Yara kuma suna musayar abinci. Saboda haka wasu makarantu suke hana shigo da ita gaba ɗaya. A tambayi makaranta tun farkon shekara. Ɗanka yana iya cin ta lafiya, amma haƙƙin ɗan maƙwabcinsa a benci yana wuyanka. Ƙananan da ba su kai shekara biyar ba kuma ba a ba su ƙwayar gyaɗa ko inabi ɗungurungum, don gudun shaƙewa. Inabi a tsaga shi a tsaye.

Na biyu ful. Ful da tamis shi ne karin kumallon gari, mai araha mai riƙe ciki. Sai dai akwai wata larurar jini ta gado, ƙarancin sinadarin da likitoci ke kira G6PD, wadda take da yawa a Afirka ta Yamma da ƙasashen Larabawa, ta fi kuma bayyana a yara maza. Larabawa suna kiranta "animiyar ful", domin wannan wake yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mai ita. Alamominta sukan bayyana cikin yini ɗaya ko biyu: kasala, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi. Wanda ya ga haka ya garzaya asibiti. Gwajin jini ne ke tabbatar da ita, kuma wanda aka samu da ita ya kiyayi ful da ta'amiyyar da ake yi da shi. Wakenmu na gida wani jinsi ne daban, amma likitan yaron ne zai faɗi abin da za a ci da wanda za a bari. Layin Ma'aikatar Lafiya na neman shawara shi ne 937.

Na uku sikila. Yaron da ke da ita, ƙishirwa tana cikin abubuwan da ke tayar masa da ciwo. Gora ɗaya ba ta ishe shi a zafin Madina. A ba shi biyu, a kuma sanar da malaminsa a rubuce cewa a bar shi ya sha ruwa a aji, ya fita bayan gida idan ya nema.

Idon abokai

Wannan shi ne ɓangaren da iyaye suka fi mantawa, kuma shi ya fi dawo da abinci gida. Yaron da aka haifa a nan yana rayuwa tsakanin harsuna biyu da tukwane biyu. Ya buɗe robarsa ƙamshin daddawa ya tashi, wani ya toshe hanci, sauran suka yi dariya. Daga ranar ba zai sake buɗewa ba, kuma da wuya ya faɗa wa uwarsa dalili. Faɗa ba ya maganin wannan. Abin da ke da ƙarfin ƙamshi, daddawa da busasshen kifi da man shanu, a bar shi ga abincin rana a gida, inda za a ci shi da daraja. Abin da zai fita ya zama mai tsabtar gani, a yanka ƙanana, a raba kowane a gurbinsa.

Amma kada wannan ya zama koya wa yaro ƙyamar tukunyar uwarsa. A sanar da shi cewa tsiren da mutanen Makka da Jidda ke layi a kansa da sunan "siriya" kakanninsa ne suka kawo shi, cewa "agashe" da ake ci a Sudan kalmar Hausa ce, cewa gurasar Kano ma daga Larabawa ta je can. Abinci ya daɗe yana kai da komo a wannan hanya. Dabara mai kyau ita ce a ƙara masa alale ɗaya ko masa biyu na aboki. Abin da aka ɗanɗana aka ji daɗinsa ba a cika yi masa dariya ba, kuma yaron da abokai ke tambaya yaushe za a sake kawo "wancan abin" ya daina ɓoye robarsa.

A kuma sa shi cikin aikin. Ya zaɓi tsakanin ayaba da lemo, ya wanke kokwamba, ya sa gorarsa a gidan ƙanƙara da dare. Zaɓi tsakanin abu biyu masu kyau, ba tambayar "me kake so" ba, wadda amsarta sananniya ce. Uba ma yana da rabo: shi ke zuwa kasuwa, kuma abin da ya shigo da shi gida shi zai shiga jaka. Ladubban ci kuwa a gida ake koyonsu kafin a fita da su. A wannan gari ne Umar ɗan Abu Salama, yana yaro a gidan Annabi, hannunsa na yawo a akushi, aka koya masa cikin taushi ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci daga gabansa, kuma ya ce haka ya ci gaba da ci har girmansa. A ƙara wa yaro da wanke hannu, ko a sa masa 'yar takardar goge hannu a jaka, domin ba kowane yaro ke bin layin famfo ba idan hutu gajere ne.

Yawan abincin ma a kula da shi. Hutun bai cika wuce minti ashirin zuwa talatin ba, kuma rabinsa na wasa ne. Fusha ba ta maye gurbin karin kumallo, ba ta maye gurbin abincin rana da ke jiransa bayan Azahar. Kwano cike maƙil yana karya wa ƙaramin yaro gwiwa tun kafin ya fara.

Idan ya dawo, uwa ta buɗe kwanon da kanta kafin a wanke. Abin da ya dawo yana ba da labari. In ɓawon burodi ne kullum, a yanke shi. In tuffa ce da cizo ɗaya, ta yi masa girma, ko haƙorinsa na girgiɗa; a yanka ta, a shafa mata ruwan lemon tsami don kada ta yi baƙi. In komai ya dawo ba a taɓa ba kwana biyu a jere, a zauna da shi a tambaye shi a hankali wa yake zama kusa da shi lokacin hutu. Abin da ya dawo mai danshi, alale ko ƙwai ko labna, ba a mayar da shi firji, ba a kuma ba ƙanensa, domin ya riga ya wuce lokacinsa. Dabino da lemon da ba a ɓare ba suna iya komawa gobe. Kwanon a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a zare robar da ke zagaye da murfin a wanke ƙarƙashinta, inda baƙin funfuna ke ɓuya, haka ma bakin gorar ruwa, sannan a kife su a buɗe su bushe kafin dare.